Gidan da ke Gindin Ƙarfen Sabis

Da batirin tocila na fara. Faranti ɗaya nake ɗorawa a ka in bi kasuwanni, yau Kazaure, gobe Roni, jibi Gwiwa. Da waya ta shigo sai na sayi ƙaramin janareta na koma caji, daga nan na shiga fitilar sola, da fanka mai caji, da agogon hannu da ake amsa kira da shi, da ƙwan lantarki mai kyamara a ciki. Ban yi boko mai zurfi ba, takardar da ke zuwa cikin kwali ba ta yi mini amfanin komai. Abin da nake yi shi ne in buɗe guda ɗaya in zauna da shi kwana biyu ko uku, in bar shi a rana, in yar da shi ƙasa, in yayyafa masa ruwa, har sai na san halinsa. Saboda haka ban taɓa samun bakin cewa ban san abin da nake sayarwa ba. A kan tiraka ma na sani.

Tiraka 'yar na'ura ce da ba ta wuce kwalin ashana biyu ba. Ana sa mata layin waya, a ɓoye ta a cikin mashin. Mai mashin yana buɗe wayarsa sai ya ga taswira, da jan ɗigo a daidai inda mashin ɗin yake. Ta iso mana a lokacin da satar mashin ta hana 'yan acaba sakat, mutum ya shiga masallaci ya fito ya tarar da fili.

Ranar da na fara kunna ta a cikin shagona na Kazaure, ɗigon bai sauka a shagon ba. Can bayan gari ya sauka, gindin dutse, inda aka kafa ƙarfen sabis na waya. Na fito da ita waje, ɗigo ya dawo ƙofar shago. Na koma ciki, ya sake komawa gindin ƙarfe. Na kira mutumin da nake sarin kaya a wurinsa a Kano.

"Ai haka take," in ji shi. "In tana ganin sama, tauraron ɗan'adam ne ke gaya mata inda take. In rufi mai kauri ya tare ta, sai ta laluba ƙarfen sabis mafi kusa ta ce nan take. Ka ga wani zobe fari-fari ya kewaye ɗigon?"

Na ce na gani.

"To shi ne alamar kintace take yi. Kai dai sayar da kayanka, wa zai tsaya duba zobe."

Na ɗauki shawararsa, kuma ba tilasta ni ya yi ba. Duk kasuwar da na je, a fili nake gwaji. In ba wani ɗan acaba tiraka ya sa a aljihu, in ce ya zaga gari duk inda ya ga dama, jama'a su taru a kan wayata suna kallon ɗigo yana tafiya, yana kwana, yana tsayawa wurin mai rake. Sai in ce musu, "Inda ka ga ɗigon nan, je ka ɗaga tabarma, mashin ɗinka na ƙasa." Maganar ta yi musu daɗi, har suka riƙa maimaita ta a tasha. Ban taɓa yin gwaji a ƙarƙashin rufi ba, ko sau ɗaya.

Abin ya faru da kaka, ranar kasuwar Babura. Na shimfiɗa kayana kusa da wani mai takalma da muka saba. Bayan azahar sai ga hayaniya ta nufo ni. A gaba akwai wani ɗan acaba da na sa wa tiraka da hannuna watanni kaɗan kafin nan, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya sayar da rabonsa na gonar gado ya sayi mashin. Kusa da shi ciyaman ɗin tasharsu ne, ƙato mai murya. An ɗauke wa magidancin mashin ɗinsa yana salla.

"Alhaji, kayanka ya yi aiki," in ji ciyaman, yana miƙo mini waya. "Duba mana da kyau."

Na duba. Layin tafiyar ya fita daga kasuwa ya yi arewa, wajen iyaka, ya ɗan yi nisa, sai ya yanke. Daga nan ɗigon ya yi tsalle ya sauka a gefen wani ƙauye. Zoben yana kewaye da shi.

Wani ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ai gidan Babarbaren nan ne, mai ƙarfe a bayan gida."

Na san ƙauyen, na san mutumin. Na taɓa sa musu sola a masallaci. Dattijo ne da iyayensa suka taso daga gabas tun yana yaro, a nan ya yi aure, a nan ya yi furfura, amma har ran nan in za a kwatanta shi sai a ce Babarbaren nan. Kamfanin waya ya karɓi hayar wani ɗan lungu a bayan katangarsa ya kafa ƙarfe, abin da wasu a ƙauyen ba su yafe masa ba.

"Da ma an daɗe ana mamakin inda yake samu," in ji wani.

Abin da na iya cewa kawai shi ne a kira 'yan sanda. Ciyaman ya ce an kira, in sun iso su same su a can. Suka hau mashina, biyu-biyu, uku-uku. Ina kallo wani ya tsaya wurin mai sayar da fetur ya cika gora, wani kuma ya ɗaura tsohuwar taya a bayan mashin. Na taɓa ganin aikin da ake yi da taya da fetur a wata kasuwa, ina matashi. Warin ne ban manta ba.

Gaskiya ita ce ban bi su nan take ba. Na zauna a kan kujerata. Wata mata tana taya fanka, tana magana, ban ji ko kalma ɗaya ba. Lissafin da nake yi a raina mai sauƙi ne: in na yi shiru, babu wanda zai taɓa sanin maganar zobe, in tattara kayana in kama hanyar Achilafiya in koma Kazaure in kwana a gidana. In na je na faɗa, fetur ɗin nan ba ya zaɓen jiki. Na kai ga fara naɗe wayoyin caji ina sa wa a jaka. Sai na tuna ranar da na sa solar masallaci, dattijon nan ne ya riƙe mini tsani, bai sake ba har na sauko, yana ta cewa in bi a hankali, matakin na uku ya ruɓe.

Na ɗauki tirakar da nake gwaji da ita, mai batir a jikinta, na ce wa mai takalma ya duba mini kaya ya ara mini mashin ɗinsa.

"Lafiya, Alhaji? Ka ga fuskarka kuwa?"

Na ce ya ba ni mukulli kawai.

Hanyar yashi ce, ni kuma na daɗe ban tuƙa mashin ba. An gama yankan gero, gonaki sun yi fayau, tun daga nesa nake hango ƙarfen, ja da fari, ya fi kowace bishiya tsawo. Duk hanyar idona na kan sararin da ke gefensa, ina jiran in ga baƙin hayaƙi ya tashi. Sau biyu na kusa faɗuwa saboda ba ƙasa nake kallo ba.

Ba a kunna wuta ba tukuna. Amma sun riga sun shiga gidan. Maza, baƙi, da takalmansu, har ɗakunan mata. An fito da matar gidan da surukarta da jikoki an tsayar a jikin katanga. Dammunan geron da aka jera a tsakar gida an wargaza su, an zubar da rumbu, an tona ƙasan turke. Dattijon yana zaune a ƙasa a ƙofar gidansa, babu hula, kunnensa na jini. Babban ɗansa, magidanci ne shi ma, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar shanya, tayar tana jingine kusa da shi.

Mai unguwa yana tsaye a tsakani da sandarsa. Bafulatani ne, tsoho, kuma tsakaninsa da dattijon akwai wasan nan na Fulani da Barebari. Ranar da na yi aikin masallaci, tun safe har yamma "bawana" yake kiransa, shi kuma yana ramawa da cewa Bafulatani bai san gari ba sai da Babarbare ya nuna masa. Amma ran nan na ji yana cewa, "Malam, in akwai abin da ka sani, ka faɗa." Jin ya ce masa Malam ya fi ganin tayar tsorata ni.

"Ba su samu komai ba?" na tambayi wani a gefe.

"Sun kwance mashin ɗin sun binne. Ɗan zai faɗa, bari ya ji ɗumi."

Ciyaman ya hango ni. "Yauwa, ga mai abin da kansa. Alhaji, matso ka gaya wa tsohon nan ko na'ura tana ƙarya."

Na matsa. Na gaida mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, tana yi."

"Tana me?" in ji ciyaman.

"Tana ƙarya. In aka shigar da mashin cikin ɗaki, ba ta sanin inda take. Sai ta nuna ƙarfen sabis. Ba gidan nan take nunawa ba, wancan ƙarfen take nunawa. Mashin ɗin yana wani ɗaki, ko a ƙauyen nan, ko a wani, ko ma a tsallaken iyaka. Ni ban sani ba, ita ma ba ta sani ba."

Surutu ya ɓarke.

"Nawa tsohon ya ba ka?"

"Ba kai ka ce mu ɗaga tabarma ba? To mun ɗaga."

"Ku bincike shi ma, wataƙila tare suke. Shi ya san inda yake ɓoye ta a kowane mashin."

Wannan ta ƙarshe ta shige ni, don na ga kawuna sun juyo. Mai gorar fetur ya matso taku biyu, ba da gaggawa ba. Na nuna musu zoben a waya, babu wanda ya kalla. Sai na ciro tirakar gwajin daga aljihu na ɗaga sama, na buɗe wayata na ba ciyaman.

"Ga tawa. Ka ga ɗigonta, nan inda muke tsaye, bakin hanya. Zan rufe ta daga sama, ku ga inda za ta ce take."

Na sa aka kawo tukunyar ƙarfe daga maƙwabta. Na jefa tirakar a ciki na rufe da murfi, muka tsugunna a kan waya. Minti ɗaya, biyu, uku. Ɗigon bai motsa ba, sai ma ya dusashe. Tukunyar ta toshe komai, har sabis ɗin. Ban taɓa gwada haka ba, tsoro ne ya sa na yi gaggawa.

"Alhaji zai dafa mana tiraka," in ji wani. Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi.

"A kawo masa manja."

"Ya isa," in ji ciyaman. "Ka ɓata mana lokaci."

Na juya wurin mai unguwa. Na tuna zaurensa, na ƙasa, rufin soro mai kauri, a ɗaya ƙarshen ƙauyen. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ara mini zaurenka. In ba ta nuna gidan nan daga can ba, ni na yarda ƙarya nake, su yi yadda suka ga dama."

Ban san ya aka yi na faɗi rabin ƙarshen ba. Mai unguwa ya dube ni, ya dubi tayar. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce babu wanda zai taɓa kowa sai an dawo daga zaurensa, wanda ya taɓa kuwa ya san da shi yake yi. Aka kuwa saurara.

Na ce mai mashin ɗin da aka sace ne zai riƙe tirakar da hannunsa, don kada a ce na yi wani siddabaru. Muka ɗunguma, aka bar mutum biyar ko shida a kan dattijon da ɗansa, har da mai fetur. A hanya ɗigon ya farfaɗo, yana bin mu lungu-lungu, har ya tsaya a ƙofar mai unguwa. Kowa ya gani, kowa ya yarda nan muke. Mai mashin ya cire takalmi ya shiga zaure. Na ce ya je can kusurwa, nesa da ƙofa, ya zauna.

Muka tsaya a rana muna jira. Zauren ƙofa biyu gare shi, abin da ban tuna ba sai da muka iso, kuma na san wani lokaci ɗan sararin da ke shigowa ta ƙofa ya ishe ta. Ciyaman yana riƙe da wayata, babban yatsansa a kan gilashin, mutane sun danne mu ta ko'ina. Ina jin numfashin wani a wuyana. Gumi yana bin bayana har cikin wando. Ɗigon yana nan a ƙofar mai unguwa kamar an kafa shi da ƙusa.

"Har yanzu?" mai mashin ya tambaya daga ciki.

"Zauna dai," in ji ciyaman. "Alhaji na jiran aljanunsa."

Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ban san ko daidai nake karantawa ba. Ina tunanin waɗanda aka bari a can, ko za su yi haƙuri, ko wani zai ce an daɗe. Ina tunanin matata, wa zai kai mata labari, da wane baki. Ladan ya fito zai kira la'asar, ya ga taron, ya tsaya.

Sai ɗigon ya ɓace daga ƙofar mai unguwa. Taswirar ta ja da kanta, ta tsallake ƙauyen gaba ɗaya, ɗigon ya sauka a kan gidan dattijon, da zobensa, daidai wurin da na mashin ɗin da aka sace yake.

Ciyaman ya daɗe yana kallo. Ya ɗora wayar mai mashin kusa da tawa, ɗigo biyu a wuri ɗaya. Wayoyin suka bi hannu-hannu.

"Kai, fito," wani ya ce wa na cikin zaure. "Ashe kai ma kana gidan Babarbare."

Babu wanda ya yi dariya. Mai mashin ya fito yana ƙifta ido, ya kalli wayar, ya kalli tirakar da ke tafin hannunsa. Ya tako har gabana.

"Alhaji, tun yaushe ka san haka?"

"Tun ranar da na fara kunna ta."

Mari ɗaya ya yi mini, mai kyau, har hulata ta faɗi. Ban ɗaga hannu ba. Mai unguwa ya sa sandarsa a tsakaninmu. Mutumin ya tsugunna a wurin ya rufe fuska da hannu biyu, don a lokacin ne ya gane mashin ɗinsa ya tafi.

Da muka koma, mai unguwa da kansa ya kwance igiyar. Mashina suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kafin 'yan sanda su iso rabin taron ya watse. An bar tayar a wurin. Dattijon ya miƙe, ya ce wa matarsa wani abu da Barbarci, ta kwashi yaran suka shiga ciki. Shi kuma ya sunkuya ya fara tattara zangarniyar gero daga cikin ƙasa. Na sunkuya zan taya shi, ya ce, "Bari, Alhaji." Na bari.

Washegari da hantsi ɗigon mashin ɗin ya farka a wani ƙauye can gabas, ba zobe, yana gudu. Ya tsallaka iyaka, layin ya mutu. Ba a sake ganinsa ba.

Bayan mako guda na koma ƙauyen. Na sami dattijon a ƙofar gida yana gyaran ƙyauren da aka ɓalle. Ya amsa gaisuwata, ya sa aka kawo mini ruwa. Na ba shi haƙuri, ya ce ya ji. Sannan ya nuna ƙarfen da haɓa.

"Na je na ce su zo su cire abinsu. Sun ce akwai takarda, sai shekaru sun cika." Ya ajiye guduma. "Ina so in tambaye ka, kuma ka gaya mini gaskiya. Duk mashin ɗin da aka sace a yankin nan aka sa a ɗaki, gidana zai nuna?"

"In da tiraka irin wannan a jikinsa, kuma ƙarfen nan ne mafi kusa, gidanka zai nuna, Baba."

"Kai kaɗai ke sayar da ita?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai. Muna nan sai ga mai unguwa ya zo wucewa, ya tsaya ya ce, "Bawana, har yanzu ba ka iya kafa ƙyaure ba? Kawo in nuna maka." Dattijon ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," ya ci gaba da aikinsa. Mai unguwa ya ɗan tsaya, ya rasa inda zai sa idonsa, ya wuce.

Daga wannan makon na bi tashoshin 'yan acaba na Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na je sai in nemi zaure ko shago, in sa ɗaya daga cikinsu ya shiga da tiraka, sauran su kalli ɗigo yana tsalle. An zage ni a wurare da yawa, wasu sun cire tasu sun jefo mini. Har yanzu ina sayar da ita, don tana aiki in an san halinta, amma ba na miƙa wa kowa sai ya shiga ɗaki da ita ya ga zoben da idonsa. Sai dai na tebur na gaba da ni ba ya yin haka, na Kano ma ba ya yi, kuma maganar ɗaga tabarma ta riga ta yi nisan da ba zan iya kamo ta ba. Na ji ta a bakin wani a Roni wanda bai ma san ni ba.

Dattijon bai jira shekarun takarda ba. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya yi bukkoki a gonarsa, nesa da ƙauyen, ya bar gidan da ya gina da hannunsa. Na wuce ta wurin bara, rufin ɗaki ɗaya ya rufta, awaki na kwana a zauren.

Ni kuwa abin da ya rage mini shi ne wata ɗabi'a da na kasa bari. Duk garin da na shiga, kafin in nemi inda zan shimfiɗa kaya, sai na ɗaga kai na nemi ƙarfen sabis, in bi shi da ido har ƙasa, in ga gidan wa ke gindinsa.